LAYIN ABSALOM

Shafi na 9

Na Nahla 'yar Demsawo

Masu cika mini waya da "Nahla kin bar mu a rataye", na ji, na gani. Ba wulaƙanci ba ne, wuta ce ta ƙi zuwa unguwarmu, sai da na kai waya caji bakin titi. Anti Tracy ta Alkalawa, na ga faɗan da kika yi wa matar da ta kashe wa Fibi waya a kunne. Ki ɗan sassauta mata har ki kai ƙarshen shafin nan.

*

Mai keke ya tsaya a bakin wani lungu a cikin garin Yola, ya yi nuni da haɓa.

"Ga shi can, mai shuɗiyar ƙofa. Kowa ya san Hajiya Zulaihatu mai shinkafa."

Fibi ta sauko, amma ta kasa ɗaga ƙafa. Tun daga Jimeta take rungume da jakarta a ƙirji.

"Mama, mu je mana," in ji Hadassah.

"In ta kore mu fa?"

"Ai a waya ma ta kore mu, ba mu mutu ba."

"Ke ba ki san yadda na ji ba."

Hadassah ta kama hannunta. Lambar da suka kira shekaranjiya ta babanta ce, Absalom, malamin sakandare da aka tura aiki Mubi, wanda ba a sake jin ɗuriyarsa ba tun ranar da 'yan Boko Haram suka shiga garin a 2014. Fibi ta yi shekaru tana kiran lambar. Da fari a kashe. Daga baya aka riƙa cewa babu ita. Ta haƙura ta daina. Shekaranjiya kuwa sai ga layin ya shiga, yana ƙara, har mace ta ɗauka ta yi sallama. A tsakiyar ɗaki Fibi ta zube. Ashe kamfani ya daɗe da ba wata layin mijinta.

Suka yi sallama a zaure, aka amsa daga ciki.

Wata siririyar mata ce, za ta ɗan girmi Fibi, zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa tana auna shinkafa tana juyewa a leda.

"Jabbama, sannunku da zuwa, ku shigo. Mudu ne ko buhu?"

"Hajiya, ba shinkafa muka zo saya ba," in ji Fibi. "Mu ne muka kira ki shekaranjiya."

Mudun ya tsaya a hannun matar.

"Ku ne masu neman kod, lambobin nan da ake turowa a waya?"

"Mu ne."

"Wa ya nuna muku gidana?"

"A hoton tallan shinkafarki kin sa kwatance," in ji Hadassah.

Hajiya Zulaihatu ta dube su daga sama har ƙasa. Ta ajiye mudun, ta jawo wata tabarma da ƙafa.

"Ku zauna. Ba na barin baƙo a tsaye cikin wannan ranar. Ga ruwa a randa, ku sha. Amma maganar kod, babu ita."

Ba wanda ya taɓa randar.

"Hajiya, ba banki ba ne," in ji Hadassah. "Wallahi waƙa ce kawai."

"Haka kika ce a waya."

"Ki bari in yi miki bayani."

"Yarinya, ƙanena Muktar haka aka yi masa bayani. Murya mai daɗi, labari mai ban tausayi. Ya karanta musu 'yan lambobin da aka turo masa. Kafin ya kai banki an share shi tas. Har yau bai miƙe ba."

Fibi ta buɗe jaka, ta fito da wani abu a naɗe cikin hankici. Ta warware a kan tabarma. Tsohuwar waya ce, bayanta ya kumbura har ya tsage, gilashinta baƙi ƙirin.

"Wannan ne wayan," in ji ta. "Mijina yana waƙa a coci. Kafin a tura shi Mubi ya shiga situdiyo a Jimeta ya ɗauki waƙoƙinsa. Ya sa su a wani kanti na intanet. Ranar da suka fito, shi da kansa ya saya, yana dariya, wai kada a ce ko mutum ɗaya bai saya ba. Ya sauke mini su a nan. Tun da ya ɓata ba na kira da wayan nan, ba na komai da shi. In sa caji, in ji muryarsa, in mayar a durowa. Watan jiya na jona, bai kawo ba. Mai gyara ya ce cikinsa ya ƙone."

"Ba ku da faifai?"

"Suna ɗakinsa a Mubi. An ƙona gidan."

"Mai situdiyon fa?"

"Ya rufe tuntuni, ya bar gari. Mun samo shi a waya, ya ce kwamfutar ta mutu da komai a ciki."

"To ku sake saya mana."

"Sun cire su daga kasuwa," in ji Hadassah. "Ba mai sabunta musu rajista. Amma wanda ya taɓa saya, nasa na nan a ajiye a asusunsa, zai iya sake saukewa. Mun shiga asusun Baba, lambar sirri ta yi daidai. Sai suka ce sun tura kod zuwa layinsa. Layin kuma yana hannunki."

"Duk shekarun nan me ya hana ku tura su a wata waya?"

"A kulle suke cikin manhajar, ba sa turuwa."

"Ni kuma ban taɓa kawowa a raina zai mutu ba," in ji Fibi, tana shafa tsagaggen bayan wayar.

Hajiya Zulaihatu ta ɗauki mudunta, ta ci gaba da awo. Shinkafar na zuba a gefen ledar, ba ta lura ba.

"Allah Ya ba ku haƙuri. Ba zan iya ba."

"Ga wayata, ki riƙe," in ji Hadassah. "Ba sai kin karanta mana ba. Ke da hannunki za ki shigar."

"A'a."

"Ki kira wanda kika yarda da shi, ya zo ya duba saƙon ya ga ba na banki ba ne."

"Na ce a'a."

"To me muka yi miki?"

"Hadassah!" Fibi ta tsawatar.

"Mama, ki bar ni in tambaya. Layin babana ne fa."

"Layina ne," in ji Hajiya Zulaihatu, ba tare da ta ɗago ba. "Da hotona da yatsana na yi rajistarsa. Ban ƙwace a hannun kowa ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma dukansu sun san haka. Sun je ofishin kamfanin layin jiya, an gaya musu hakan. Sun rubuta wa masu kantin waƙar, amsar da ta dawo ita ce sai mai asusun da kansa. Ba inda ba su ƙwanƙwasa ba. Gidan nan ne ƙofa ta ƙarshe.

Fibi ta tashi daga tabarma. Hadassah ta ɗauka tafiya za su yi, har ta miƙa hannu ga jaka.

Sai ta ga uwarta ta durƙusa a kan simintin da rana ta gasa.

"Subhanallahi! Malama, tashi!"

"Ba zan tashi ba."

"Ki tashi don Allah, kada ki ɗora mini nauyi."

"Hajiya, ke uwa ce. Ranar Asabar za a ɗaura wa yarinyar nan aure. A cocinmu uba ne yake shigo da amarya. Ba ta da shi. Ko kabarinsa ba mu da shi, addu'a kawai aka yi a kan hoto. Muka ce to, a sa muryarsa ta shigo da ita. Akwai waƙa ɗaya da ya yi mata tana firamare. Ita kaɗai nake roƙo. Ban ce duka ba. Guda ɗaya."

Hajiya Zulaihatu ta juya fuska ga bango.

A nan Fibi ta lura da hannun matar. Rawa yake yi. Mai jin haushi ba haka hannunsa yake ba.

"Mama, tashi," in ji Hadassah, muryarta ta karye. "Tashi mu tafi. Ai na haddace ta. Zan rera wa kaina."

Ta kama kafaɗar uwarta. Maimakon ta ɗaga ta, sai ita ma ta durƙusa, ta kifa goshi a wuyanta. Cikin kuka, ba don kowa ba, ta fara jan waƙar a hankali.

"Ranar da za ki tafi, 'yar Baba,
ba zan yi kuka a gaban mutane ba..."

A nan ta tsaya, ta kasa ƙarasawa.

"Zan bari sai kowa ya watse," in ji wata murya ƙasa-ƙasa, da karin waƙar daidai.



Hajiya Zulaihatu ta rufe bakinta da gefen mayafi. Ta makara.

Fibi ta ɗago a hankali.

"Me kika ce?"

"Ban ce komai ba."

"Kin ƙarasa waƙar."

"A rediyo na taɓa ji."

"Ba a taɓa sa ta a rediyo ba."

"To a wani wuri ne. Na manta."

"Hajiya." Fibi ta miƙe tsaye, gwiwoyinta duk ƙura. "Waƙar nan ba a taɓa rera ta a coci ba. Ba a taɓa sa ta a biki ba. A ɗakina kawai ake jin ta. Ina kika ji?"

"Malama, ku tafi gida."

"Ina kika ji?"

"Na yi rantsuwa."

"Wa kika yi wa?"

Hajiya Zulaihatu ta kau da kai.

"Na haɗa ki da Allahn da kike wa sallah. Wa kika yi wa rantsuwa a kan muryar mijina?"

Hajiya Zulaihatu ta sauke mayafin daga bakinta. Idanunta sun kaɗa.

"Ba ku ne na farko da kuka zo neman kod ɗin nan ba."

Hadassah ta zauna daɓas a ƙasa.

"Da daminar bara ne," in ji Hajiya Zulaihatu. "Wani mutum ya kira, kamar yadda kuka kira. Na kashe. Ya sake kira, na kashe. Sai ga shi a zaure, a jiƙe sharkaf. Ya ce sunansa Bakari, yana aikin ƙwadago a gonakin shinkafa na bakin tafkin Njuwa. Ya ce layin nan na abokinsa ne a da, akwai waƙa a ciki da yake so ya ji. Na ce masa abin da na ce muku. Bai yi gardama ba. Ya zauna a zaure. Har la'asar yana nan, ruwa na ɗiga daga rigarsa. Ni kuma zuciyata ta kasa."

"Kika ba shi."

"Na ba shi."

"Lambar sirrin fa? Wa ya ba shi?"

"Da kansa ya shigar."

"Daga takarda ya karanta?"

"A'a. Ko tsayawa tunani bai yi ba."

Fibi ta dafa ginshiƙin rumfar.

"Mutum biyu ne suka san lamba ɗin nan a duniya," in ji ta. "Ni da shi. Ko Hadassah sai na juya baya nake shigarwa."

"Mama, wataƙila tilasta masa aka yi ya faɗa. A daji."

"Wa zai tilasta wa mutum a kan lambar waƙa?"



"Ɗaya kawai ya sauke," in ji Hajiya Zulaihatu. "Wannan da kika rera. A bencin can ya zauna. Ya sa, ta ƙare, ya sake sawa. Ya sake. Ina nan ina tsince shinkafa, har ta zauna mini a kai. Bai yi kuka ba. Ni da ya yi kukan ma da ya fi mini sauƙi."

"Yaya yake?" Fibi ta matso. "Ki faɗa mini yadda yake."

"Ramamme ne. Gemu duk furfura. Da hula har goshi."

"Yana da wushirya? Mijina yana da wushirya, in ya yi dariya ita ake fara gani."

Hajiya Zulaihatu ta sunkuyar da kai.

"Haƙoransa na gaba babu."

Fibi ta rufe ido. Ta buɗe.

"Muryarsa fa? Ai kin ji waƙar, kin ji shi. Murya ɗaya ce?"

"Malama, yana da tabo daga nan har nan." Ta ja yatsa daga ƙarƙashin kunne zuwa maƙogwaro. "Da ƙyar magana take fita. Kamar ana jan buhu a kan siminti. Ba mai iya cewa ga yadda muryar take a da."

Hadassah ta lalubo hoto a wayarta. Absalom ne a ƙofar coci, cikin farar riga, kumatu cike, yana dariya, jita a kafaɗa.

"Ki duba. Don Allah ki duba da kyau."

Hajiya Zulaihatu ta karɓa. Ta kawo kusa da ido. Ta nisantar. Ta rufe rabin fuskar da yatsa, ta bar idanun kawai. Ta daɗe a haka.

"Ban sani ba."

"Hajiya!"

"Wallahi ban sani ba. In na ce shi ne, na yi muku ƙarya. In na ce ba shi ba ne, na yi muku ƙarya."

"Ba ki tambaye shi ba? Ba ki ce ina mai layin yake ba?"

"Na tambaya. Na ce, abokin naka yana raye? Ya ce, Adda, haka yake kirana, wanda iyalinsa suka sani ya mutu. Na ce ban gane ba. Ya ce akwai abin da in aka sa mutum ya yi a daji, gara 'yarsa ta riƙe shi a matacce. Daga nan ya ce in rantse, ko wa ya zo daga Jimeta yana tambayar layin nan, ban san komai ba. Na rantse. Na ɗauka ba mai zuwa."

Hadassah ta zabura ta miƙe.

"Mama, mu tafi Njuwa."

"Ku je ku ce wa?" in ji Hajiya Zulaihatu. "Bakari nawa ne a bakin tafkin nan? 'Yan ƙwadago ne, yau suna wannan gonar, gobe suna waccan. Ni da nake sayen shinkafa a can ban san inda yake kwana ba."

"Lambarsa fa?"

"Ba ni da ita. In zai kira, ɓoye lamba yake yi. Ya gaishe ni, ya tambaya ko wani ya zo, ya kashe."

Fibi ta koma ta zauna a tabarma. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki matacciyar wayar, ta fara naɗe ta cikin hankici, ta warware, ta sake naɗewa.

"Na sa baƙin kaya," in ji ta, ba ta kallon kowa. "Na karɓi gaisuwa. Uwarsa ta mutu a hannuna a Numan tana kiran sunansa. Duk motar da ta shigo da 'yan gudun hijira sai na je tasha. Duk sansanin da aka buɗe a garin nan na shiga da hoton nan. Njuwa. Daga gidana in na hau keke, kafin tuwo ya huce na isa."

"Mama, ba mu tabbatar shi ne ba."

"Na sani."

"Wataƙila abokin nasa ne da gaske."

"Na sani, Hadassah. In shi ne, ban san yadda zan yi ba. In ba shi ba ne ma, ban san yadda zan yi ba."

Daga wani masallaci a bayan lungun aka fara kiran la'asar. Hajiya Zulaihatu ta saurara har aka gama. Ta share fuska da tafin hannu, ta zaro wayarta daga ƙarƙashin tabarma.

"Rantsuwar dai ta riga ta karye, bakina ne ya karya ta. Zan yi kaffara. Yarinya, nemi kod ɗin."

Hadassah ta tsaya tana kallonta.

"Nemi mana, kafin in canza."

Hadassah ta buɗe manhajar. Ta miƙa wa uwarta. Fibi ta juya baya kamar kullum, ta shigar da lambar sirrin. Wayar Hajiya Zulaihatu ta yi ƙara ɗaya. Ta karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya, Hadassah na dannawa.

Allon ya yi fari. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa.

Sai ga fuskar Absalom.

Hoton bangon waƙoƙin ne, wanda Fibi ta ɗauke shi da hannunta a bakin gadar Jimeta. A ƙarƙashinsa sunayen waƙoƙin, kowacce da ɗan hoton gajimare da kibiya a gefenta.

"Suna nan," in ji Hadassah. "Mama, suna nan duka! Ba abin da ya ɓata!"

"Taki tukuna. Sauke taki."

Ta danna gajimaren. Zoben ya fara cika, kaɗan-kaɗan. Ya tsaya.

"Sabis ɗin gidan nan sai a hankali," in ji Hajiya Zulaihatu. "Ki je gindin mangwaron can, a nan yake kamawa."

Su uku suka tafi gindin mangwaro. Hadassah ta ɗaga wayar sama da hannu biyu. Fibi na riƙe da gefen rigarta. Hajiya Zulaihatu, da ko awa ɗaya ba a yi ba take korarsu, tana tsaye a bayansu tana ta "Bismillahi, Bismillahi."

Zoben ya motsa. Ya kai rabi.

"Yana tafiya?"

"Yana tafiya, Mama."

Ya wuce rabi. Ya sake tsayawa. Ya ɗan ƙara.

"Kada ki motsa hannu."

"Ban motsa ba."

Saura ƙiris ya haɗe, allon ya yi fari fat.

Fuskar Absalom ta ɓace. Gajimaren ya ɓace. Wani gajeren rubutu ya fito a tsakiya.

"Me ya faru? Ta gama?"

Hadassah ta sauke hannu. Ta karanta, ta sake karantawa.

"An fitar da mu."

"Kamar yaya an fitar da mu? Sabis ne?"

"Ba sabis ba ne. Sun ce mai asusun ya fitar da duk wayoyin da ke ciki, daga wata wayar."

"Ki sake shiga."

Fibi ta fizge wayar. Wannan karon ba ta juya baya ba. Ta shigar da lambar sirrin a gabansu.

Ba daidai ba.

Ta goge, ta sake, a hankali, harafi bayan harafi.

Ba daidai ba.

"An canza," in ji Hadassah. "Mama, yanzun nan aka canza. In aka shiga da sabuwar waya, suna aika wa tsohuwar sanarwa. Ya gani."

"Abin da ya sauka fa? Ai ya kusa cika. Ko rabin ne a ba mu."

"Ba ya zama. In bai cika ba, babu."

Fibi ta tsaya da wayar a hannu, tana kallon wurin da fuskar take ɗazu. Ta danna allon da yatsa. Ta sake dannawa. Ba abin da ya dawo.

Hajiya Zulaihatu ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, sai wayarta ta ɗauki ƙara a hannunta.

Ta duba. Fuskarta ta canza. Ta juyo musu da allon.

Babu lamba.

"Shi ne," in ji ta.

Ba wanda ya motsa. Wayar na ta ƙara.

"In ɗauka?"

 Hadassah ce ta gyaɗa kai.

Hajiya Zulaihatu ta ɗauka, ta buɗe sifika, ta riƙe wayar a tsakiyarsu.

Da farko ƙarar injin ban ruwa kawai ake ji, tuk-tuk-tuk, daga nesa. Sai numfashi. Sai wata dusasshiyar murya da ke fita da ƙyar.

"Adda Zulai. Wa kika ba?"

Hajiya Zulaihatu ta dubi Fibi. 

"Adda, kin rantse mini."

"Baba?" in ji Hadassah.

Numfashin ya ɗauke. Injin kawai ke bugawa.

"Baba, kai ne? Ni ce. Don Allah ka yi magana."

Shiru. Amma bai kashe ba.

Fibi ta kama hannun Hajiya Zulaihatu da wayar a ciki, ta jawo kusa da bakinta. Ta kasa kunne da duk jikinta, tana neman ko ɗigo ɗaya na muryar da ta sani a cikin wannan numfashin. Ba ta samu ba.

"Ban san ko wane ne kai ba," in ji ta. "Ba zan tambaye ka abin da ya faru a daji ba. Ba zan zo Njuwa ba, in ba ka so. Ba zan faɗa wa kowa ba. Waƙar kawai. Ita kaɗai ta rage wa yarinyar nan. Ka bar mana ita."

Aka kashe injin a can ɓangaren. Komai ya yi tsit, har ana jin kukan tsuntsayen bakin ruwa.

Tun da aka ɗauki wayar ba wanda ya ambaci sunan Fibi. Ba wanda ya ambaci aure.

"Fibi," in ji muryar. "Bikin yana nan ranar Asabar ɗin?"